Ribar Katifa da Ribar Rediyo: Ina Iyakar Halal?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya buɗe wa bayinsa ƙofar ciniki ya sanya albarka a cikinta. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin a aiko shi, mutanen Makka kuma suka shaide shi da amana.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, maganarmu ta wannan mako a kan riba ce. Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a bakin jama'a, musamman idan lokacin bukukuwa ya matso, watau shin Shari'a ta yanka wa ɗan kasuwa iyakar ribar da zai ci, ko kuwa ta bar shi da abin da kasuwa ta ba shi? Mafi yawan masu wannan tambaya iyayen amare ne da suka dawo daga sayen kayan ɗaki ransu a ɓace, kuma kukansu ya fi yawa a kan katifa. Mutum zai saya a kan kuɗi kaza, bayan kwana biyu ya ji maƙwabcinsa ya sayi irinta, tsawo ɗaya, kauri ɗaya, yadi ɗaya, da ragi mai yawan gaske. Alhali kuwa shi wannan mutum, ranar da ya je sayen akwatin rediyo ko lasifika, ya zaga kanti biyar bai ga bambancin da ya kai ya ɗaga murya a kansa ba. To, me ya raba waɗannan haja biyu, kuma ina hukuncin Allah yake a tsakani?

Mu fara da abin da ya tabbata. Babu wani nassi a cikin Alƙur'ani ko Sunna da ya ce riba kada ta wuce kashi kaza. Imam Bukhari ya ruwaito cewa Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya. Urwa ya sayi biyu da dinarin, ya sayar da ɗaya a kan dinari, ya dawo da akuya da dinari a hannu, Annabi kuwa ya yi masa addu'ar albarka a cinikinsa. Riba ce ta ninki, ba a kuwa tsawata masa ba. A cikin littafin nan dai an kawo labarin filin Gaba da ke kusa da Madina, wanda Zubairu ɗan Awwam, Allah ya yarda da shi, ya saya a kan 170,000, ɗansa Abdullahi ya sayar a bayansa a kan 1,600,000 domin biyan bashin da ya bari. Haka kuma lokacin da kaya suka yi tsada a Madina mutane suka roƙi Annabi ya yanka farashi, bai yanka ba, ya nuna musu tsoronsa na ya gamu da Ubangijinsa da haƙƙin wani a wuyansa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, a kan wannan ta tsaya: babu wani adadi da aka ƙayyade wa ribar 'yan kasuwa, abin da ake nema shi ne ciniki ya kuɓuta daga algus da yaudara da ɓoye gaskiyar kaya da cin amanar wanda bai sani ba.

Wani zai ce, ai mun sha jin malamai suna ambaton sulusi. Gaskiya ne, amma a nan mutane da yawa suke zamewa. Sulusin da wasu malaman Malikiyya suka ambata yana cikin babin gabnu ne, abin da mu Hausawa muke kira ƙwara, kuma da farashin kasuwa ake auna shi, watau abin da mutane suka saba sayen irin wannan kaya a wannan gari a wannan lokaci. Uwar kuɗin mai kanti ba ta shiga wannan awo. Idan ka sari kaya a kan naira 100 kasuwa ta tashi ya zama kowa yana sayarwa 200, ka sayar 200, ba ka ƙwari kowa ba. Idan kuwa kowa yana sayarwa 200 ka ga baƙo ka ɗora masa 300 don ka lura bai san gari ba, nan ne maganar sulusi take shigowa. Ibnu Asim na Andalus, a cikin Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, ya sa sharaɗi uku kafin a saurari mai kukan ƙwara: kada shekara ta wuce, ya zama jahili ne ga farashin, kuma ƙwarar ta kai sulusi ko ta wuce. Mashhurin mazhaba ma, kamar yadda yake a Mukhtasar na Shaihu Halilu, ya fi wannan tsauri ga mai saye, domin bai ba shi damar mayar da kaya don tsada kawai ba, sai idan ya saki jiki ga mai sayarwa ya bayyana masa cewa bai sani ba. Wannan mai sakin jiki shi malamai suke kira mustarsili, kuma a kansa maganarmu za ta fi tsayawa.

Yanzu mu dubi rediyo. Ranar da mutum ya shiga kasuwar Sabon Gari a Kano ko Alaba a Ikko neman rediyo ko na'urar amsa-kuwwa, kayan da kansa yana magana. A jikinsa akwai sunan kamfani da lambar samfuri, kuma lambar nan ita ce a kowane kanti. Za a sa masa batir ko a jona shi da wuta, a murɗa, mai saye ya ji da kunnensa ko muryar tana fita tas ko tana shaƙewa. Idan bai gamsu ba ya matsa kanti na gaba ya tambayi wannan lamba, yau ma yana iya duba farashinta a wayarsa yana tsaye a gaban mai kanti. Saboda haka mai sayar da rediyo ba shi da fili mai faɗi na ɗora riba, ko yana tsoron Allah ko ba ya tsoro. Kasuwa ta riga ta tsare mai saye.

Katifa kuwa bebiya ce. An lulluɓe ta da yadi mai furanni, an ɗinke, an sa a leda. Abin da mai saye yake iya yi bai wuce ya danna ta da tafin hannu ko ya ɗan zauna a gefenta ba, sabuwar katifa kuwa kowace iri ce tana tashi idan an danna. Asirinta yana cikin soson, a abin da masu sana'ar suke kira nauyin soso, watau kilo nawa ne a kowace mita guda ta tsawo da faɗi da kauri. Mu ɗauki katifa mai ƙafa 6 da 6 da kaurin inci 8. Idan an yi ta da soso mai nauyin 18 ba za ta wuce kilo 12 da ɗan wani abu ba, idan kuwa mai nauyin 30 ne za ta kai wajen kilo 20. A ido duk ɗaya suke, amma sinadarin da ya shiga ta biyun ya fi na farkon da fiye da rabi, sinadarin nan kuwa daga ƙasashen waje ake shigo da mafi yawansa da dala, shi ya sa katifa ta yi tashin gwauron zabo bayan an saki naira ta nemi darajarta a 2023. Ko ɗaga ta a hannu ma ba ya wadatarwa, domin ana iya zuba garin alli a cikin haɗin soso ya ƙara masa nauyi da kuɗi kaɗan. Amsar gaskiya ba ta fitowa sai bayan watanni, ranar da tsakiya ta lotsa ta zama kwari, mai gida ya tashi da ciwon baya, amarya kuma ta fara jin habaici daga dangin miji.

Iyayenmu ba su san wannan duhu ba. A zamanin katifar rimi da ta ciyawa, mai ɗinki yana zaune a rumfarsa, buhun audugar rimi a gefensa, kana kallo yana cusawa, idan ta kwanta bayan shekara biyu ka mayar masa ya farke ya ƙara. Da soso ya shigo ta hannun kamfanoni irin su Vitafoam, wanda aka kafa a 1962, da Mouka, wanda tushensa yake Kano tun 1959, sai jin daɗi ya ƙaru, ido kuma ya daina ganin ciki. Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A Amurka tun farkon ƙarni na 20 jihohi suka yi dokokin da suka tilasta a ɗinka wa kowace katifa wata takarda mai faɗin abin da aka cusa a cikinta, saboda an sami masu cusa tsofaffin tsummoki da ƙazantar kaya su sayar a matsayin sabo. A can ne kuma manyan kantuna suka shahara da wata dabara, a yi katifa iri ɗaya ko kusan ɗaya a ba kowane kanti da suna dabam, domin kada mai saye ya iya kwatanta farashin nan da na can. Abin da lambar samfuri take yi wa mai sayen rediyo, shi aka kashe da gangan.

To, a ganina, nan ne zuciyar mas'alar take. Mai sayen katifa mustarsili ne ko bai furta ba, domin yanayin hajar ya tilasta masa dogara da bakin mai sayarwa. Galibi ma yana furtawa. Dattijo zai shigo kanti ya ce, ɗana, ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, 'yata zan aurar ranar Juma'a, zaɓa mini mai kyau. Daga lokacin da wannan magana ta fita daga bakinsa cinikin ya tashi daga na tayi da albarka ya koma na amana. Ribar da aka ci don an ɗauko kaya daga nesa, an biya haya, an jira, an ɗauki kasada, wannan ladan wahala ce. Ƙarin da aka ɗora don an ga farin gashinsa da gaggawarsa da kunyar da yake ji kada a ce ya gaza, wannan kuɗin jahilcinsa ne aka karɓa, jahilci kuwa ba haja ba ce da mai kanti ya saro.

Kada kuma mu zalunci masu sayar da katifa, domin suna da hujja ta gaskiya idan suka ce ribarsu dole ta fi ta mai rediyo kauri. Katifa goma sun cika ɗakin da zai ɗauki rediyo ɗari biyu. Kuɗin mota a kanta iska ake biya wa. Tana iya wata uku a jingine babu mai tayawa, yadinta yana dusashewa, ɓera yana neman hanya, ga tsoron gobara, wadda soso yake yi wa maraba, kuma duk wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san wannan tsoro ba na banza ba ne. Wanda yake juya kuɗinsa sau biyu a shekara ba zai rayu da ribar wanda yake juya nasa kowane mako ba. Saboda haka idan ka ji an ce mai katifa yana cin kashi mai yawa, kada ka yi saurin kiransa azzalumi. Tambaye shi dai ko abin da ya faɗa maka game da cikin katifar gaskiya ne, kuma ko farashin da ya ba ka shi zai ba wanda ya san kasuwa.

Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya wuce wani mai tsibin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa a ciki, yatsunsa suka taɓa danshi. Mai abincin ya kawo uzurin ruwan sama. Annabi ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, sa'an nan ya barranta daga mai algus. A lura, ba a hana shi sayar da jiƙaƙƙen abinci ba, an hana shi binne shi. Haka katifa mai sauƙin soso halal ce a sayar, talaka ma yana bukatarta, da wadda aka yi da guntayen soso da aka matse aka manne, wadda wasu ma suke nema don taurinta. Haramcin yana shigowa ranar da aka sa mata rigar babba, aka liƙa mata tambarin kamfanin da bai yi ta ba, ko aka ce inci 10 ce alhali 8 ce da ɗan tudun yadi. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda yaranmu suke karantawa a makarantun zaure, ta jero waɗannan a wuri ɗaya cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki: algus, da yaudarar baki, da ɓoye aibi, da cakuɗa mummuna da kyakkyawa, da yin shiru a kan abin da mai saye zai ƙi kayan in ya ji shi.

Akwai kuma rantsuwar nan da ta zama gishirin kasuwa. Tayi al'adarmu ce, babu laifi mai kanti ya fara da kuɗi mai tsawo, mai saye ya taya ƙasa, a yi ta albarka har a haɗu, domin kowa ya san wasan, da rashin tayi kuma akan bar araha. Amma da zarar mai kanti ya ce wallahi ko sarinta ban yi haka ba, ya fita daga tayi ya shiga ba da labari, kuma mai saye zai gina hukuncinsa a kan labarin. Malamai sun tsananta ƙwarai a babin murabaha, inda ake faɗin uwar kuɗi a ɗora riba a kai, har suka ba mai saye zaɓin fasawa idan ƙarya ta bayyana. Ba wanda ya tilasta maka faɗin sarinka. Kana iya cewa wannan sirrina ne. In ka zaɓi faɗa, to, ka faɗi gaskiya.

Wani abin da ya fi wannan ɓoyuwa shi ne kamasho. Uban amarya ya roƙi kafintan da ya yi masa gado, ko wata ƙawar uwar ɗaki, su raka shi don sun fi shi sanin kasuwa. Suna shiga kanti aka haɗa ido da mai kanti, magana ta ƙare ba a buɗe baki ba. Ɗan rakiya yana yabon katifa yana cewa ai ta yi araha, da yamma ya dawo ya karɓi rabonsa, wanda tun farko an ɗora shi a kan kuɗin wanda ya amince da shi. La'adar dillali halal ce idan an san shi dillali ne. Wanda aka ɗauko a matsayin mai ba da shawara kuwa wakili ne, wakili kuma ba shi da ikon cin riba a bayan idon wanda ya wakilta shi.

Kada mai rediyo ya yi murna ya ce shi ya tsira. Shi ma yana da ɗakinsa mai duhu, sunansa wat. Za ka ga ƙaramar lasifika da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya an rubuta mata wat dubbai a jikin kwali, tare da haruffan PMPO, alhali ƙarfin da take iya riƙewa a ɗore, wanda ake rubutawa da RMS, ɗan kaɗan ne daga wannan. Wannan ruɗi ya yi yawa a Amurka har hukumar ciniki ta ƙasar ta kafa ƙa'ida a kansa a 1974. Kwamitocin masallatai ma suna faɗawa wannan rami a wurinmu, kuma da kuɗin sadakar jama'a suke faɗawa. Duk inda mai saye ya daina gani, ko wace haja ce, nan riba take kumbura.

Imam Gazali, a cikin Ihya'u, ya raba mu'amala gida biyu, adalci da ihsani, ya kwatanta adalci da uwar kuɗi, ihsani da riba. Ya kawo labarin Yunusa ɗan Ubaidu, mai sayar da tufafi, yana da na 200 da na 400. Ya tafi salla ya bar ɗan ɗan'uwansa a kanti, wani Balaraben ƙauye ya zo neman na 400, yaron ya nuna masa na 200, ya gani ya so ya biya 400. Yunusa ya gamu da shi a hanya, ya gane kayansa, ya tambaye shi nawa ya saya. Baƙauyen ya nace cewa ya yarda, a garinsu ma kayan ya fi haka tsada, amma Yunusa ya komo da shi kanti ya mayar masa da 200, ya yi wa yaron faɗa. Abin da yake ba ni mamaki a labarin nan shi ne yardar baƙauyen ba ta kwantar wa Yunusa da hankali ba. Ya fahimci cewa yardar da aka gina a kan rashin sani ba ita ce yardar da ake nufi a ciniki ba. Mu kuwa yau da an ce na sallama, an ƙirga kuɗi, sai mu ɗauka an rufe littafi har a Lahira.

Masu saye ma suna da nasu. Mutanen Annabi Shu'aibu an zarge su da tauye wa mutane kayansu, kushe kaya mai kyau da ƙarya don a karya masa farashi kuwa reshe ne na wannan. Sa'an nan gasar kayan ɗaki da muka ɗora wa kanmu, inda dangin miji suke auna darajar yarinya da tudun katifarta ranar jere, ita ce take kai uba kasuwa a gigice da kuɗin bashi, mai gigita kuwa ba ya ciniki.

Saura tambayar wanda abin ya riga ya faru da shi, ya ga katifa ta lotsa bayan wata uku, aka farke aka ga abin da ke ciki ba shi aka faɗa masa ba. Mai kanti zai iya kawo wata mas'ala sananniya a mazhabarmu, cewa aibin da ba a iya gani sai an fasa kaya, kamar ruɓar cikin katako ko ɗacin kokwamba, ba a mayar da kaya saboda shi. Haka ne, amma dalilin wannan hukunci shi ne mai saye da mai sayarwa duk daidai suke a rashin sani, domin halitta ce babu wanda ya sa hannu a cikinta. Katifa kuwa ɗan Adam ne ya yanka sosonta ya ɗinke bakinta, akwai wanda ya san abin da ke ciki. Idan mai kanti ya sani ya ɓoye, mai tadlisi ne, mai saye yana da haƙƙin mayarwa ya karɓi kuɗinsa. Idan shi ma yaudararsa aka yi daga inda ya saro, amma ya siffanta kayan da siffar da babu ita, har yanzu mai saye yana da haƙƙi a kansa, shi kuma ya bi wanda ya sayar masa. Abin da yake kashe irin wannan ƙara a gaban alƙali ko shugabannin kasuwa shi ne rashin shaida, domin rasit ɗinmu ba ya wuce a rubuta katifa ɗaya, kuɗi kaza. Mai saye ya nemi a rubuta masa sunan kamfani da nauyin soso da kauri da tsawon garanti, mai kanti ya sa hannu, ya kuma karɓi katin garantin kamfani idan akwai. Mai kantin da ya ajiye yankakken soso na kowane iri a kan teburinsa, kowa ya taɓa ya matsa ya ɗaga kafin a yi maganar kuɗi, ba zai ji nauyin rubuta wannan ba.